Gaisuwar Da Na Ɗauko Daga Banki

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Don Allah a rufe sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma a yankinmu ambaton sunan mutum kaɗai ya isa ya jawo masa bala'i.

Lokacin da wannan abu ya faru ni ɗaliba ce a wata babbar makaranta a Talata Mafara, ina karatun harkar banki, ina zaune wurin goggona a cikin gari. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Janbako, ƙasar Maradun. Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina ji da kaina. Ga ni da baki, har Inna, mahaifiyata, takan kira ni rediyo mai jini. Amma akwai abu guda da ko maƙiyina ba zai kushe ni a kansa ba, shi ne gaisuwa. Tun muna ƙanana Inna ta dasa mana cewa ba a wuce babba a tsaye, kuma idan aka ce ka gaishe da wani, amana aka ɗora maka, sai ka kai. Idan na dawo daga aike nakan tsaya a tsakar gida in jero duk wanda ya ce a gaishe su, da inda muka haɗu, da abin da yake yi. Ana dariya, ana sa mini albarka. Ban taɓa zaton wannan halin ne zai kusa kai ni kabari ba.

Da hutun damina makaranta ta tura mu sanin makamar aiki, abin da ɗalibai ke kira aiti. Ni Allah ya ba ni reshen wani babban banki a cikin Mafara. Ranar farko ƙofar nan tasu mai rufe mutum a ciki ta yi ta ƙara saboda makullan jakata, na maƙale a ciki mai gadi yana dariya. Kafin wani lokaci kuwa na zama 'yar gari. An rataya mini kati a wuya, ina yawo cikin sanyin na'ura, ina jin ni ma wata ce. Ba ma taɓa kuɗi, ba ma taɓa kwamfutar ma'aikata. Aikina in tarbi mutane, in nuna musu layi, in taimaka wa tsofaffi wajen dangwala yatsa. Ogarmu, wata mata mai kula da kwastomomi, marar yawan fara'a, ta gargaɗe mu tun farko cewa duk abin da ido ya gani a nan, a nan ake barinsa. Na gyaɗa kai. A fahimtata tana nufin abin da ke cikin asusun mutane ne, ni kuwa ko leƙensa ba na yi, don haka na ɗauka gargaɗin bai shafe ni ba.

Wata Talata, ranar kasuwa, banki ya cika har waje, sai na hango wani dattijo a ƙarshen layi da tsohuwar riga duk faci, da takalmin roba, ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Tafiyarsa na gane, domin yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Aminin mahaifina ne, tare suka yi ƙuruciya, shi ya raɗa mini suna, kuma shi ya tsaya wa babana har aka bar ni na ci gaba da karatu. Baba kawai muke ce masa. Ban yi wata-wata ba na ratsa mutane na zube a gabansa a kan tayil, na kwarara gaisuwa da muryar nan tawa da ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Na tambayi kwana, na tambayi gajiya, na tambayi ruwa, na tambayi iyali, har shanu sai da na tambaya. Yana amsawa a gajarce yana waige-waige. Na ce a raina, kunyar wurin yake ji, bai saba ba. Sai ma tausayi da son burgewa suka haɗu mini, na ce Baba guda ba zai bi layi ba ina wurin. Ya ce in bar shi, na ƙi. Na roƙi oga, na ja shi a gaban kowa har ofishin manaja. Abin da suka yi a ciki ban sani ba, wallahi har yau ban sani ba. Da ya fito na raka shi bakin ƙofa, sai ya faɗi abin da kowane babba ke faɗi in za a rabu: “To ɗiyata, Allah shi yi albarka. A gaishe da mutanen gida.” Na ce za su ji.

A ƙarshen makon na tafi ƙauye sunan ɗan yayana. Gida ya cika da mata, namu da na ƙauyukan kewaye, da masu talla, da waɗanda ban ma sani ba. Na shiga da jakata ta 'yan birni ana ta tsokanata da “'yar banki ta iso”. Bayan na gama gaishe-gaishe sai na tuna da amanar da ke wuyana. Daga inda nake zaune na ɗaga murya na ce wa Inna Baba yana gaishe su, mun haɗu a bankinmu ranar Talata, ni ce ma na shigar da shi har ofishin manaja. Sai na ji hayaniyar kusa da ni ta ɗauke. Inna ta mintsine ni a cinya. Matar Baba, wadda ke zaune tana rabon tuwo, ta yi wata 'yar dariya ta ce ai kama ce ta yi mini yawa, shi asibiti ya je dubiya ran nan. Jama'a, a nan ya kamata in kama bakina. Ƙofa ce matar nan ta buɗe mini in fita, amma ni da gardama sai na ce haba, ni zan kasa gane Baba? Na kwatanta rigar da ya sa, na kwatanta rawanin, na ce har hira muka yi. Matar ta ci gaba da zuba miya.

Inna ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta tambaye ni ko karatun nan hankali yake ƙara mini ko ɗebe shi yake. A nan na ji abin da ban sani ba. Baba ya sayar da shanunsa na noma da shinkafarsa a asirce, don shanu sun zama abin da ke kiran ɓarayin daji zuwa gidan mutum. Ya ce wa mutane ya kai su kiwo wurin dangi. Abin da ya samu shi ya kai banki, sanye da tsumma, don kada a gane shi. Inna ta ce ko ban lura ba, a garin nan yanzu wa ke sa sabuwar riga? Wa ke canza kwanon ɗakinsa? Kowa talauci yake nunawa don ya kwana a gidansa. Na sani, ba wai ban sani ba, amma zaman Mafara ya sa abin ya yi mini nisa. Na ce mata ai gaisuwa ce kawai na isar, shi ya ba ni. Ta dube ni ta ce, gaisuwar aka ba ni, ko banki da ofishin manaja? Na koma Mafara ina lallashin kaina da cewa mata ne, ana hidimar suna, wa zai riƙe.

Ba a jima ba, ina tsaye a bakin aiki da hantsi, yayana ya kira ni. Ya ce an ɗauke Baba. Da rana tsaka, yana gona yana maimai, mutane a kan babura suka zo, suka wuce manoman da ke kusa ba su taɓa kowa ba, suka kira shi da sunansa. Ban san lokacin da wayar ta faɗi ba. Na shiga banɗakin ma'aikata na yi ta amai har ba abin da ke fita. Na wanke fuska na dawo na ci gaba da nuna wa mutane layi, ina murmushi.

Wanda ba ɗan yankinmu ba ba zai gane abin da kalmar infoma take nufi a wurinmu ba. Shi ne mai kai wa ɓarayin daji labarin wanda yake da abin hannu. Mutane sun fi jin zafinsa fiye da ɓarayin, domin shi a cikinmu yake. Kuma idan 'yan sa-kai, matasan da suka ɗauki makami don tsare garuruwa, suka ɗora wa mutum wannan suna, ba kotu ake zuwa ba. Na san wani mai sayar da katin waya da aka janye daga kasuwa kan zargi irin wannan, har yau uwarsa ba ta ga ko takalminsa ba. To maganata ta fara ne da cewa 'yar gidan wane ta yi sakin baki a wurin suna. Kafin ta zagaya ƙauyuka ta zama ai dama an dasa ta a banki ne tana miƙa sunayen masu ajiya. Aka tuno wasu da aka ɗauka a farkon daminar, aka ce su ma suna da asusu a Mafara. Matan da suka ji ni a wurin suna kowacce ta ce ita ba ta gaya wa kowa ba. Babana ya aiko cewa ko mutuwa aka yi kada in taka ƙauye.

Daga nan duk ƙarar da ƙofar banki ta yi sai gabana ya yanke ya faɗi. Duk wanda ya shigo da riga mai kauri sai in ga kamar akwai abu a ƙarƙashinta. Na daina cin abinci, na daina bin hanyar da na saba, kullum da lungun da nake bi zuwa gidan goggo. Sai wata rana da azahar na leƙa ta gilashi na hango babban ɗan Baba a tsallaken titi, a ƙarƙashin darbejiya, shi da wasu mutum biyu da ban sani ba. Ɗan Baban nan ya goya ni ina yarinya. Ba ya cin komai, ba ya sayen komai, ƙofar bankin kawai yake kallo. Ina ganinsa fitsari ya kusa kufce mini. Lokacin tashi ya yi na ƙi fita, na laɓe a ɗakin ajiye takardu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa ta wannan da ta wancan.

A nan oga ta same ni. Na faɗa mata komai ina kuka, ina jiran ta zage ni ko ta kira manaja a kore ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta sani ban taɓa buɗe asusun kowa ba, kuma banki zai iya nuna hakan ga duk wata hukuma. Amma ta ce in faɗa mata gaskiya, waɗancan na ƙarƙashin bishiya takardar banki suka zo karantawa? Ta ce sirrin kwastoma ba abin da ke asusunsa kaɗai ba ne, zuwansa ma sirri ne, musamman a ƙasa irin tamu. Ta fitar da ni ta ƙofar baya a cikin motarta, ina kwance a kujerar baya, ta kai ni har gida. Aitina ke nan ya ƙare. Washegari da sassafe goggo ta sa mini niƙabi, ta ɗauke ni zuwa Bakura gidan wani kawunmu, ta karɓe wayata ta cire layin.

Zaman Bakura zaman ɗaki ne. Ko tsakar gida ba na fita sai in ba baƙo. Idan na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in tsinci kaina a bayan ƙyaure. Idan aka yi sallama da muryar namiji sai numfashina ya tsaya har sai an amsa an yi dariya. Labari yana zuwa mini ta bakin kawu. Babana ya je gaban mai gari ya rantse cewa 'yarsa sakarya ce amma ba muguwa ba. Mai gari ya roƙi matasa su dakata. Suka ce sun ji, za su jira Baba ya dawo a ji daga bakinsa ko da gaske shi ya ba ni saƙon gaisuwa, ko ƙirƙira na yi don in sanar da wanda nake son sanarwa. Idan bai dawo ba fa? Kawu bai ƙarasa wannan ba, ni ma ban tambaya ba. Ina jin kunyar abin da zan faɗa, amma sai na faɗa: addu'ar da nake wa Baba ba tsantsar ƙauna ba ce. Rabi don shi nake yi, rabi don wuyana. Mutumin da na jefa a daji shi kaɗai ne shaidata a duniya. Kullum ina tunanin ƙafar nan tasa mai ɗingishi, da ruwan da ake tafkawa, da shekarunsa, ina lissafin ko zai kai.

Iyalinsa suka kwashe abin da ya kai banki don biyan kuɗin fansa, bai isa ba. Suka sayar da gonarsa ta fadama, wadda ya gada daga mahaifinsa. Babana ya sayar da sansa guda da ya rage ya ƙara musu, bai taɓa gaya mini ba, daga Inna na ji. Sai da aka fara yankan gero aka sako shi. A kan babur aka kawo shi, mutum biyu suna riƙe da shi, ƙafafunsa sun kumbura ba ya iya takawa.

Da ya ɗan farfaɗo aka taru a zauren mai gari, da matasan, da babana, da babban ɗansa. Babana ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce aka tambayi Baba, Baba ya ce shi da bakinsa ya ce a gaishe da mutanen gida, ɗiya kuwa ta kai saƙo kamar yadda aka koya mata, in akwai laifi nasa ne da bai ce ta yi shiru ba. Aka tambaye shi ko mutanen daji sun faɗa masa inda suka samu labarinsa. Ya ce ba su faɗa ba. Ya ce duk wanda ya taɓa yarinyar nan bai yafe ba duniya da lahira, ko da ɗan cikinsa ne. Da wannan maganar aka tashi, da ita na fito daga ɗaki a Bakura.

Baba bai iya ci gaba da zama a ƙauye ba, ba gona, ba shanu, ba ƙafa. Suka dawo Mafara suka raɓa a gidan wani ɗan'uwansa. Na daɗe ina ɗaura niyya ina kwancewa kafin na iya zuwa gaishe shi. Matarsa na fara samu a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa, sannan ta ce in matso. Ta ce akwai abin da take so in sani, ba don ta ƙona mini rai ba, sai don in san nauyin abin da aka yi mini. Ta ce a daji, da Baba ya ce musu shi talaka ne ba shi da komai, dukansa suka yi suna dariya, suna cewa talaka ne ke shiga har ofishin manaja? Kalmomina ne, yadda na faɗe su a wurin suna. Ya sani sarai. Ya ji su da kunnensa ana dukansa, ya zo gaban mai gari ya ce ba su faɗa masa komai ba.

Na shiga ɗakin da rarrafe. Yana kwance a kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya hana ni. Ya tambayi karatu, ya ce kada in kuskura in bari, shi ya tsaya aka sa ni, ba zai so a ce a kansa na fita ba. Da na tashi tafiya ya ce Allah shi yi albarka. Na ga ya buɗe baki zai ƙara abin da ya saba ƙarawa tun ina yarinya, sai ya tsaya, ya dube ni, ya mayar da bakinsa ya rufe. Na fito ina kuka har titi.

Na koma makaranta na ƙarasa, amma ban sake neman aikin banki ba. Har yau ban san wacece ta ɗauki maganata daga tsakar gidanmu ta kai daji ba, mai yiwuwa ita ma hira kawai ta yi wa mijinta, shi ma ya yi wa wani. Abin da na sani shi ne daga bakina ta fita, kuma an ba ni dama in janye ta na tsaya gardama don a san ni ce na shigar da mutum ofishin manaja. Ba gaisuwa ce ta cuci Baba ba, son a san ni wata ce ya cuce shi.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da ake turawa aiti, a banki ne, a asibiti ne, ko a ofis: wanda kuka gani a wurin aiki, ba ku gan shi ba. Idan babba ya rufe fuska, kada ladabi ya sa ku tone shi, ku gaishe shi da ido ku wuce. Idan kuna magana uwa ta mintsine ku, ku yi shiru tukuna, ku tambayi dalili a ɗaki. Iyaye kuma, yadda kuke koya mana kai gaisuwa, ku koya mana zamanin da muke ciki. Ni yanzu idan aka ce in gaishe da gida nakan ce za su ji, kuma ina kaiwa, amma a kunnen mai ita, ba tare da inda muka haɗu ba. Ina zuwa wurin Baba duk Juma'a da ɗan abin da ya sawwaƙa. Yana sa mini albarka, yana tsokanata, wani lokaci har mu yi dariya. Amma tun daga ranar nan bai sake ba ni gaisuwa in kai wa kowa ba.